Kunnen-Ƙasa Ta Sha Ruwa a Mashigin Kuka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu cike da sanyin gulbi, ni Muhtari mai gyaran rediyo, na bakin tashar jirgin ƙasa a Ƙauran Namoda, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan gida da na Shinkafi da na Zurmi cewa na'urata ta neman ƙarfe, wadda kowa ya sani da Kunnen-Ƙasa, ta riga mu gidan gaskiya. Ta cika a kan teburin shagona bayan jinyar da ta cinye damina guda, sakamakon ruwan da ta sha a Mashigin Kuka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi limamin unguwarmu ko ya halatta a faɗi haka a kan ƙarfe, ya ce ana faɗa a kan kowace irin asara, ko igiyar takalmi ce ta tsinke. To, na faɗa, kuma har cikin raina.

Ba a san ranar haihuwar marigayiya ba, ba a kuma san danginta ba. Wani kamfanin hanya ne ya shigo da ita ƙasar nan don ta riƙa nuna masa inda bututu ke kwance. Shekarar da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, kamfanin ya naɗe kayansa, ya yi gwanjon tarkacen da ya rage, na tsince ta a cikin matattun rediyoyi. Doguwar sanda ce, da faifai a ƙasa mai shinshinar ƙasa, da ɗan akwati mai maɓallan murɗawa a daidai gwiwar hannu, da abin saƙalawa a kunne. Da farko na ɗauka abin goge daɓe ne. Sai da na sa mata batir na bi da ita ta kan filayata ta matse waya, ta ce "ƙiiii", sannan na san na sami abokiyar zama.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta. Ba ta raina aiki, ba ta duba tufar mai kira. Ta nemo wa 'yan kabu-kabu makullan babur a cikin yashin Kasuwar Daji. Ta nemo wa matan Fulani mundayensu a mashayar shanu. Ta taɓa tono wa wani tsoho na Birnin Tsaba galmar mahaifinsa da ƙasa ta haɗiye tun yana saurayi, ya zauna a kan kunyar gona ya yi ta kuka. Laifinta ɗaya, kuma ko an ce a rufa wa mamaci asiri ba zan ɓoye shi ba: tsegumi. Ba ta iya ganin murfin kwalba ta yi shiru. Muryoyi biyu gare ta. In ƙarfe ne sai ta yi gurnani, "ɓurrr", kamar tsohon da aka tasa daga barci. In azurfa ce ko zinariya sai ta yi siririn kuka, "tiiin", wanda in ba ka natsu ba sai ya wuce ka.

Tun asali ba ta da lafiyar ruwa. Faifan da sandar suna iya shiga, haka aka yi su, amma akwatin ko yayyafi ba ya so. Saboda haka muka yi alkawari ni da ita: duk aikin da zai kai ruwa gwiwar hannuna, ba namu ba ne. Mun riƙe wannan alkawari shekara da shekaru, sai a farkon daminar bana.

Ga yadda abin ya faru, don masu tambayata a hanya su huta, ni ma in huta.

A Mashigin Kuka, inda masu zuwa Katuru daga ƙasar Zurmi ke ƙetare gulbi, akwai wani ɗan fito ana ce da shi Idi. Aikinsa ɗaukar kayan mutane a ka ya ƙetarar, tun yana yaro, gadon mahaifinsa. Ya sha ɗauke ni da marigayiya, ya kuma sha turo mana masu neman abin da ya faɗa musu ruwa. Wata rana Hajiya Tasalla, wata dattijuwa ta Birnin Tsaba, za ta suna Katuru. Ta cire sarƙarta da 'yan kunnenta na zinariya, waɗanda ta gada daga mahaifiyarta, ta ƙulle su a hankici, ta sa a cikin kwanon da ke saman kayanta, Idi ya ɗauka. Da aka isa wancan ƙetare, murfin kwanon a karkace, ƙullin babu. Idi ya ce ya yi tuntuɓe a tsakiyar ruwa. Hajiya ta ce ita ba ta ga tuntuɓe ba, tana kallon ƙafarta. 'Ya'yanta suka kai ƙara wajen alƙali.

Kowa ya san lokacin da muke ciki. Shari'a ta zo sabuwa, ba a da hira a majalisa sai ta hannun ɓarawo. Wasu malamai suka ce abin da aka damƙa wa mutum amana ba a yanke hannu a kansa, wasu suka ce ya danganta. Idi ba shi da karatun da zai san wa ke da gaskiya, shi dai hannunsa na dama yake kallo. Ranar da ya zo shagona ya zauna a benci yana juya shi, yana duba tafin yana duba bayan.

"Malam Muhtari," ya ce, "wallahi ban ɗauka ba. Shina nan cikin ruwan. Ka zo da ita ta duba, in ba haka ba ban san mi za ni cewa ɗiyana ba."

Alƙalin mutum ne mai haƙuri. Ya ɗaga zama, ya ce a je a nema kafin gulbi ya kawo, ya haɗa mu da Malam Armiya'u, shugaban 'yan agajin yankin, don ya zama ido. Hadari kuwa ya riga ya fara haɗuwa ta gabas. Kowa ya san da zarar babban ruwa ya sauko, yashin mashigin zai tashi ya koma wani gari da duk abin da ke cikinsa.

Ni ɗan gari ne, ban iya iyo ba, ruwan da ya wuce gwiwa jiri yake sa ni. Don haka Idi ne ke riƙe da bayan rigata, yana nuna mini sawun da ya bi. Muna shiga, marigayiya ta ɓarke da gurnani. "Ɓurrr, ɓurrr, ɓurrr." Dama gurnani, hagu gurnani. A cikin wannan hayaniya ko tulun zinariya aka binne ba zan ji ba, balle siririyar sarƙa.

Na ce batir ne ya yi sanyi, na sa sababbi. Ba ta daina ba. Na ce baƙin yashin gulbi ne, wanda ke ɗauke da garin tama, don ya saba ruɗa ta. Na fito na murɗa maɓallin da ke saba mata da ƙasar wuri, na ɗaga faifan na sauke, na ɗaga na sauke, har ta yi shiru. Muka koma, ta ci gaba. Na ce wayar da ta naɗe sandar ce ruwa ke kaɗawa, na yanko robar tayar keke na ɗaure ta tamau. Na rage mata ƙarfin ji. Na ce raɓa ce ta shiga akwati, na buɗe na shanya a kan dutse, muna zaune muna kallonsa kamar masu gadin shanya. Akwai maɓallin da in ka murɗa shi take toshe kunnenta daga ƙarfe, amma na san halinsa: in ya toshe ƙarfe, da siririyar zinariya yake toshewa. Shi kaɗai ban taɓa ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, in na gwada ta ni kaɗai a kan tudu, lafiyarta ƙalau, sai mun shiga ruwa ta haukace.

Haka muka yi ta yi, yau da gobe. Ƙafafuna suka yi fari suka tsattsage, bayana ya riƙe. Kwanona ya cika da murafun kwalba da ƙugiyoyi da gwangwanayen kifi. Jama'a kuwa kullum ƙaruwa suke a bakin gaɓa, har mai rake ya kafa tebur. Hajiya Tasalla tana zuwa da tabarmarta ta zauna a gindin kuka. Na gaji. Na gaji da gulbi, na gaji da mutane, na gaji da marigayiya kanta, Allah Ya sani har zaginta na yi.

Ana nan sai wani daga cikin 'yan kallo, irin masu idon nan da ba a aike su ba, ya ɗaga murya: "Kai jama'a, ku duba! Sai ta juya wajen Idi taka kuka!"

Na kaɗa faifan gaba, shiru-shiru. Na dawo da shi ta gefen ƙafar Idi. "Ɓurrr."

"Ta kama shi! Na'ura ta kama ɓarawo!"

Ban taɓa jin abin da na ji a wannan lokacin ba. Mutum ya taka har Ƙaura ya kira ka ka cece shi, kai kuma ka zo da abin da zai nuna shi da yatsa. Na ce musu wannan kukan ƙarfe ne, ba na zinariya ba. Wa ke saurare? Su dai a wajensu abin Bature ya yi magana, kuma ba ya ƙarya. Aka fito da Idi kan tudu, aka ce in bi jikinsa da ita. Na bi, don in na ƙi ma cewa za a yi baki muka haɗa. Kai shiru, ƙirji shiru, aljihu shiru. Da ta zo idon sawunsa na hagu, inda ya naɗe da wani tsumma da ya ce mini ciwo ne, ta yi gurnanin da har na bayan taro suka ji.

Malam Armiya'u ya ce, "Idi, kwance tsumman ga."

Idi ya ƙi. Ya tsuguna ya riƙe ƙafar da hannu biyu, yana zufa. Duk wanda ke wurin, har ni, ya ce shi ke nan, ƙullin Hajiya na ciki. Malam Armiya'u ya sake faɗa, a hankali. Sannan Idi ya kwance.

Ba zinariya ba ce. Wani baƙin zoben ƙarfe ne, ya zagaye idon sawun, ya ci fata ya yi gurbi. Mahaifinsa ne ya sa maƙeri ya ɗaura masa ranar da ya fara fito, wai ruwa ba ya cin mai shi. Tun da aka fara wa'azi a kan layu da guraye, kunya da tsoro suka sa ya rufe shi. Ya gwammace a ce masa ɓarawo da a ce masa mai tsafi a gaban 'yan agaji, ga shi yanzu yana neman ya kwashi duka biyun. Ashe duk batiran da na ƙone, duk robar da na yanka, ciwon yana nan riƙe da bayan rigata.

Malam Armiya'u ya dubi ƙarfen, ya dubi Idi, ya dubi taron. "Ba wanga munka zo nema ba," ya ce. "Wanga tsakaninai da Ubangijinai ne, za mu yi magana daga baya. Malam Muhtari, mi ya rage?"

Na ce abin da ya rage shi ne ba za ta ji komai ba muddin ƙarfen na kusa da ita, ni kuma ba zan iya tsayuwa a ruwan ba sai da Idi, kuma shi kaɗai ya san inda ya yi tuntuɓe. Zoben ba ya fita, tun yana siriri aka ɗaura. Idi ya dubi gulbi, wanda bai taɓa shigarsa babu ƙarfen ba tun yana yaro. Sai ya miƙo mini ƙafar.

"Yanke wanga," ya ce, yana duban hannunsa na dama, "a bar man wancan."

Na ɗauko zarto na yanke.

Da muka koma, ruwan ya sauya. An yi ruwan sama a can gabas, gulbi ya fara ja, ya fara hawa. Idi na riƙe da bayan rigata, ina jin shi yana karanta duk abin da ya iya. Marigayiya kuwa ta yi shiru, shirun da na yi kwanaki ina roƙo. Muka bi sawu a hankali har inda ya ce nan ne. Wurin rami ne, ruwa ya kai mini ƙirji, na ɗaga akwatin sama, faifan yana lilo bai kai ƙasa ba. A cikin kunnena na ji wani abu can nesa, ɗan siriri, yana zuwa yana ɓacewa. Ko shi ne, ko ba shi ba ne. In ina son in tabbata, sai faifan ya taɓa yashi. In faifan zai taɓa yashi, sai akwatin ya nutse.

Na naɗe shi da leda tun a tudu, amma ni mai gyaran rediyo ne, na san iyakar leda. Na kuma san ba gobe, don hadarin da ke kanmu ba na wasa ba ne. Na ce mata ta yafe mini, a fili na faɗa, Idi ya ji. Na sauke hannuna.

"Tiiin."

Sau ɗaya ta yi shi, tas, mafi kyawun kukan da ta taɓa yi. Na danna sandar a wurin na ce wa Idi nan. Ya sake ni, ya bi sandar ya nutsa da rariya. Ya fito da yashi. Ya koma, ya fito da yashi. A na gaba ya fito da wani ƙullin tsumma da ya yi baƙi. A kunnena kuwa marigayiya ta ce "tit, tit", ta yi wani ƙara kamar ruwa na shiga tulu, daga nan ban sake jin muryarta ba.

Hajiya Tasalla ce ta kwance ƙullin da hannunta a gaban kowa. Sarƙa na nan, 'yan kunne na nan. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi murna ba. Ta rufe fuska da gyale ta ce, "Idi, ɗan nan, ka yahe mani. Na ɗauki alhakinka." Idi ya ce ba komai Hajiya, ya zauna a kan yashi. Alƙali ya sallame shi. Masu cewa na'ura ta kama ɓarawo su ne suka fi kowa cewa dama sun sani.

Game da jinya, an yi abin da ake yi. Na buɗe ta na shanya. Na binne akwatin a buhun gero ya tsotse danshi. Na wanke allon cikinta da fetur da buroshi, na bi shi da dalma gaɓa-gaɓa. Na kai ta Gusau wajen waɗanda suka fi ni, suka juya ta suka ce ba su taɓa ganin irinta ba, balle kayanta. Koren tsatsa ya ci gaba da cin cikinta. Kowace safiya nakan sa mata batir in bi da ita ta kan filaya, ko za ta yi mini tsegumi ko sau ɗaya. Da aka fara yankan gero na cire batiran na mayar cikin tocila. Na haƙura.

Ta rasu ta bar abin saƙalawa a kunne, wanda kunnensa ɗaya ya daɗe da mutuwa. Da rariya da ƙaramin shebur, abokan tafiyarta. Da daro biyu na murafun kwalba, waɗanda ban san wa zai ci gadonsu ba. Da ni, da ciwon gwiwa. Masu zuwa shago suna cewa in zo in duba musu zobe ko makulli, don Allah su daina. Masu cewa in sayi wata, su nuna mini kasuwar.

An raba abin da ta bari kamar haka. Ƙaramar lasifikarta za ta shiga rediyon Malam Armiya'u, wadda ta daɗe tana shaƙewa. Sandar ta Idi ce, zai riƙa auna zurfin ruwa da ita, tunda yanzu da bisimilla da sanda yake shiga gulbi. Faifan zan rataye shi a ƙofar shago.

Za a rufe akwatin ranar Asabar da hantsi, a gindin dalbejiyar da ke bayan shagona. Ba za a yi mata salla ba. Na fara tambayar liman, ya harare ni, na bar maganar. Ba zaman makoki, ba a buƙatar abinci, mai son yin ta'aziyya ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce Allah Ya mayar da alheri, ya wuce, don ina da rediyoyin mutane a gabana. Hajiya Tasalla ta aiko da farin ƙyalle don a naɗe ta, na karɓa. Idi ya roƙa a sa guntayen ƙarfen ƙafarsa a ramin tare da ita, ya ce su suka haɗa faɗan, su je can su shirya. Na yarda, tunda yanzu ba za ta yi masa gurnani ba.

Idi ne zai haƙa ramin. Na ce masa ƙasar wurin tsauri gare ta, bari in nemo mai taimaka masa. Ya ce a'a, a bar shi shi kaɗai, hannuwansa biyu ne.